Magungunan niyonik: a hana su gaba ɗaya, ko a sa musu linzami?

"Assalamu alaikum, Malam. Ina kiwon zuma, ina kuma noman masara da waken suya. Kwanan nan na yi ta jin cewa ƙasashen Turai sun hana wasu magungunan ƙwari da ake kira niyonikotinoyid, wasu jihohin Amurka kuma sun hana zuba su a ciyawar ado, har suna shirin hana shuka irin da aka shafa wa maganin. Zuciyata ta rabu biyu. In na tuna amyoyina sai in ce a hana, in na tuna gonata sai tsoro ya kama ni. Shin da gaske su ne ke kashe ƙudan zuma? Kuma wace irin doka ce ta dace da su?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. In na fahimce ka, tambayoyi biyu ka ƙulla wuri ɗaya: ko laifin da ake ɗora wa waɗannan magunguna ya tabbata, sannan in ya tabbata, yaya hukuma za ta raya zuma ba tare da ta durƙusar da manomi ba. Na daɗe ina aikin ƙwarin gona. Akwai gonakin da na ce a zuba waɗannan magunguna, akwai waɗanda na ce a bar su, don haka wannan rabuwar zuciya na san ta. Laifin ya tabbata. Sai dai hanyoyi ukun da ake bi da maganin, wato ciyawar ado, shafa wa iri da feshin gona, sun sha bamban wajen amfani da wajen ɓarna, kuma dokar da ta yi musu kuɗin goro za ta cuci wani ɓangare ko ta ƙyale babban mai laifi.

Dalilin da ya sa aka karɓe su hannu bibbiyu

Ma'anar sunan ita ce sabon abu mai kama da nikotin, gubar nan ta ganyen taba, masu harkar kuma kan taƙaita su ce niyonik. Na farko da ya mamaye kasuwa shi ne imidakulofirid, wanda aka ƙirƙiro a Japan a shekarun 1980, kamfanin Bayer ya fara sayar da shi a 1991. Bayansa tiyametokzam, kulotiyanidin, asetamifirid, tiyakulofirid da dinotefuran suka biyo sahu. Manomi ya fi saninsu da sunayen kasuwa irin su Gaucho, Confidor, Cruiser, Actara, Poncho, Mospilan da Apron Star. Kafin su cika shekara 20 sun kama kusan kashi 25 cikin 100 na cinikin maganin ƙwari a duniya, an yi musu rajista a ƙasashe sama da 120.

A yi musu adalci, ba a banza suka samu wannan karɓuwa ba. Magungunan da suka gabace su, dangin oganofosfet da kabamet, suna kwantar da mai feshi a asibiti, wani lokaci su kai shi kushewa. Niyonik yana kama wata mahaɗa a jijiyoyin ƙwaro ya hana ta saki, ƙwaron ya yi ta karkarwa har ya shanye ya mutu, amma kamun da yake yi wa irin wannan mahaɗa a jikin mutum da dabba bai kai haka ƙarfi ba. Duk wanda ya taɓa ganin mai feshi yana amai da zufa a bakin gona zai gane abin da ya sa muka yi murna da zuwansu.

Halaye uku ne suka fitar da su, su ukun ne kuma suka jawo musu ƙara. Suna narkewa a ruwa, shuka ta sha su ta saiwa su bi jikinta duka, kara da ganye, har garin fure da ruwan zaƙin da zuma ke ɗiba. Suna daɗewa a ƙasa: kulotiyanidin, alal misali, rabinsa kan ɗauki daga wata 5 zuwa sama da shekara 3 kafin ya ruɓe, gwargwadon irin ƙasar da yanayinta. Sai ƙarfinsu a kan ƙwaro. Nanogiram 4 zuwa 5 na imidakulofirid ko kulotiyanidin ko tiyametokzam ya isa ya kashe rabin ƙudan zuman da aka ba su shi, nanogiram ɗaya kuwa shi ne in ka kasa giram gida biliyan ka ɗauki ɗaya. Tsohon maganin nan DDT da aka hana a harkar noma sai ya kai wajen nanogiram 27,000 kafin ya yi wannan aiki. Ka riƙe wani abu a nan, domin zai dawo a maganar doka: asetamifirid da tiyakulofirid sun fi sauran sauƙi a kan zuma nesa ba kusa ba, sai an ninka adadin wajen sau dubu.

Shaidar da ta taru

Masu kiwon zuma a Faransa ne suka fara kuka a tsakiyar shekarun 1990, bayan an soma shuka irin furen rana da aka shafa wa Gaucho, har gwamnati ta dakatar da shi a kan wannan shuka a 1999. Amma abin da ya buɗe idon kowa ya faru ne a kudancin Jamus a 2008. An shuka masarar da maganin bai manne wa irinta da kyau ba, injin shuka mai aiki da iska ya riƙa goge shi yana fesar da ƙurarsa sama, ƙurar ta sauka a kan furannin da ke kewaye, amyoyi sama da 11,000 suka illata cikin 'yan makonni.

Mutuwar farat ɗaya irin wannan tana da sauƙin ganewa. Wadda ta fi wuyar kamawa ita ce ta sannu a hankali. A 2012 wani bincike a Faransa ya nuna zumar da ta sha ɗan abin da bai isa ya kashe ta ba takan ɓace hanya ta kasa komawa amya. A shekarar kuma wani binciken a Sikotilan ya duba bambulbi, zumar daji mai kauri da gashi, ya tarar gidajen da suka ci imidakulofirid sun rage haifar da sababbin sarauniyoyi da kashi 85 cikin 100. Kamfanoni suka ce wannan aikin ɗakin gwaji ne, a fita gona a gani. Aka fita. A Suwidin, a gonaki 16 na kanola, shukar da ake tatsar mai daga 'ya'yanta, sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna zumar daji ta ragu a kewayen gonakin da aka shuka iri mai magani, amma zumar amya ba ta nuna wata illa a fili ba. A 2017 an yi babban gwaji a wurare 33 a Hangari, Birtaniya da Jamus: amyoyi suka cutu a ƙasashe biyun farko, a Jamus kuwa ba su cutu ba, inda zumar ke da wasu furanni da yawa da take kiwo a kai ba gonar kaɗai ba.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne amyarka tana da juriya, domin gida ne mai dubban ma'aikata da ke iya cike gurbin waɗanda suka faɗi. Zumar daji mai zaman kaɗaici, wadda uwa ɗaya ce ke haƙa rami a ƙasa ta tara wa 'ya'yanta abinci, ba ta da mai maye mata gurbi, kuma a cikin ƙasar da maganin ke kwance take gina gidanta. Ita ce ba ta da mai kai mata ƙara, alhali tana yin kaso mai tsoka na barbarar furanni. Kada kuma wani ya ce maka niyonik kaɗai ke kashe zuma. Akwai ƙwaron baroa mai kama da kaska da cututtukan da yake yaɗawa, akwai ƙarancin fure inda aka share daji aka shuka abu ɗaya. Maganin yana raunana zumar ne waɗannan su samu ƙofa.

Sannan akwai ruwa, wanda ni a ganina ba a ba shi muhimmancin da ya kamata. A Holan an lura cewa inda imidakulofirid ya wuce nanogiram 20 a kowace lita ta ruwan rafi, tsuntsaye masu cin ƙwari suna raguwa da kimanin kashi 3.5 cikin 100 duk shekara. A tafkin Shinji na Japan, bayan an fara zuba niyonik a gonakin shinkafar da ke kewaye a 1993, ƙananan halittun ruwa suka ragu matuƙa, kamun wani ƙaramin kifi ya faɗo daga tan 240 a shekara zuwa tan 22. Waɗannan biyun lura ce da abin da ya faru tare, ba gwajin da aka tsara ba, amma sun yi daidai da abin da aka sani na yadda gubar ke kashe tsutsotsin ruwa.

Ciyawar ado

Wannan ita ce mafi sauƙin hukunci, ba zan daɗe a kanta ba. Ana zuba niyonik a ciyawar harabar gidaje, filayen wasa da itatuwan ƙawa, galibi don gwazarmar da ke cin saiwar ciyawa, kuma sau da yawa ana zubawa ne duk shekara ko an ga gwazarmar ko ba a gani ba. Babu abincin kowa da ya rataya a kan wannan. Wanda ke zubawa kuma sau da yawa mai gida ne da bai taɓa samun horo ba. A watan Yuni 2013, a garin Wilsonville na jihar Oregon ta Amurka, an fesa dinotefuran a kan itatuwan da ke tsaka da fure a wani wurin ajiye motoci, bambulbi kimanin 50,000 suka zube matattu. A jihar Kentaki an gwada kulotiyanidin a ciyawar da ƙananan furanni suka tsiro a cikinta, gidajen bambulbin da suka yi kiwo a wurin ba su haifi sarauniya ko ɗaya ba.

Jihar Merilan ce ta fara, a 2016, da cire maganin daga hannun mai sayen ɗai-ɗai ta bar shi ga masu lasisi da manoma. Niyu Jasi ta wuce nan a 2022, ta hana yawancin amfani da shi a waje in ba a gona ba, ko da mai lasisi ne. Ni ta biyun na fi so, domin lasisin mai feshi ba ya canza abin da furen ya sha. Togaciyar da nake goyon baya ita ce ta baƙin ƙwari masu hallaka itatuwa, irin buzuzun nan na Asiya da aka gano a jihar Mishigan a 2002 wanda ya kashe miliyoyin itatuwan ash. A irin wannan a bar ƙwararre ya yi wa itacen allura da izini a rubuce.

Irin da aka shafa wa magani

A nan gizo ke saƙar. Mafi yawan niyonik ɗin da ke shiga ƙasa a manyan ƙasashen noma ta jikin iri yake shiga, kuma shi ne aka fi ƙyalewa. Jihar da ta hana maganin a ciyawar ado ta yi shiru a kan iri ta bar jaki tana dukan taiki.

Hujjar masu shafa wa iri tana da daɗin ji: rigakafi ya fi magani, ɗan kaɗan ake sawa, a ƙasa yake ba a iska ba. Matsalar ita ce shukar ba ta shan fiye da kashi 2 zuwa 20 cikin 100 na abin da aka shafa, galibi ma wajen kashi 5. Sauran yana zama a ƙasa, ruwa ya wanke shi zuwa rafi, ko ciyayin bakin gona su sha shi su fitar da shi a furensu. Kariyar da yake ba shukar kuma ta 'yan makonnin farko ce. A waken suya na Amurka, darɓar da ta fi damun manoma tana zuwa ne bayan ƙarfin maganin ya riga ya gushe. Shi ya sa hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ce a 2014 shafa wa irin waken suya niyonik ba ya ƙara wani amfani a mafi yawan lokuta. Jami'ar Kornel ta Amurka ta tattara gwaje-gwajen gona a 2020, ta tarar a wajen 9 cikin 10 na gwajin masara babu ƙarin amfanin gona. A lardin Kubek na Kanada an bi gonaki 84, aka ga ƙasa da kashi 5 cikin 100 ne ke da ƙwarin da suka kai a sa magani. Duk da haka, tun 2011 kashi 79 zuwa 100 cikin 100 na masarar da ake shukawa a Amurka da maganin take zuwa.

Wani lokaci ma rigakafin kan juya ya ciji mai shi. A jihar Fensilbeniya ta Amurka an ga dodon koɗi marar ƙoƙo yana cin tsiron waken suya mai magani, shi bai mutu ba domin ba ƙwaro ba ne, amma buzuzun ƙasa da ke farautarsa suka ci shi suka mutu. Dodon koɗin ya yawaita, amfanin gona ya ragu da kashi 5 cikin 100.

A aikina nakan roƙi manomi ya bar kunya shida ko takwas a tsakiyar gona, ba a gefe ba, ya shuka su da iri ɗaya amma marar maganin ƙwari, mu ƙirga tsiro bayan mako uku, mu auna a lokacin girbi. A yawancin gonakin da na yi haka, mai gonar da kansa ba ya iya nuna min inda kunyoyin suke sai ya duba turakun da muka kafa. Amma na ga inda bambancin ya fito ƙarara: wata gona da aka daɗe ba a noma ba, ciyawa ta kwanta a kanta shekaru, aka kuma zuba mata ɗanyen taki. Tsutsar nan mai tauri kamar waya ta cinye irin da ba shi da magani, kunyoyin suka yi giɓi-giɓi. Wannan gonar tana bukatar maganin, kuma da mun binne ɗan jiƙaƙƙen hatsi a ƙasa kafin shuka muka tono bayan kwana goma, da mun san haka tun da wuri. Gonaki masu haɗari suna da alamomi da aka sani. Su ne 'yan kaɗan, amma ana yi wa kowa maganinsu.

Abin da ya fi ci min rai a wannan gwaji shi ne samun irin da ba a shafa wa komai ba. Na sha zuwa wurin dillali ya ce min nau'in da nake so da maganinsa yake zuwa, in ina son marar magani sai na yi oda watanni kafin lokaci, ko ma babu. Wato manomin da ake cewa a bar masa zaɓinsa, tun a masana'antar iri aka zaɓa masa, aka kuma saka kuɗin a cikin farashin buhu.

Ta fuskar doka akwai wani rami a Amurka da ya kamata kowace ƙasa ta guje wa. Dokar tarayya tana ɗaukar irin da aka shafa wa magani a matsayin kaya da aka yi wa kariya, kamar katakon da aka shafa wa maganin gara, don haka shuka shi ba feshi ba ne a idon hukuma. An nemi a toshe wannan rami, hukumar kare muhalli ta ƙi a 2022. Hukumar da ke ƙiyasin yawan maganin da ake zubawa a ƙasar ma ta daina saka na jikin iri a lissafinta bayan 2014. Jihohi ne suka fara motsi. Gwamnar jihar Niyok, Kathy Hochul, ta sa hannu a dokar kare tsuntsaye da ƙudan zuma a Disamba 2023, wadda ta hana irin masara, waken suya da alkama masu niyonik daga Janairu 2029 sai da izini na musamman, ta kuma janye maganin daga ciyawar ado a matakai biyu, ƙarshen 2024 da ƙarshen 2026. Majalisar jihar Bamont ta yi irin wannan doka a 2024, bayan ta tsallake ƙin amincewar gwamnanta.

Tsarin da ya fi burge ni shi ne na Kubek. Daga 2018 ba a hana irin ba, amma ba ka sayensa sai malamin gona mai lasisi ya duba gonarka ya rubuta dalili ya sa hannu, kamar yadda likita ke rubuta magani. Cikin 'yan shekaru masarar da ke zuwa da niyonik ta faɗo daga kusan duka zuwa abin da bai taka kara ya karya ba, noman masara kuma bai rushe ba. Lardin Ontariyo, shi ma na Kanada, ya riga su farawa a 2015 da burin rage kashi 80 cikin 100, sai dai daga baya an sassauta sharuɗɗan. A arewacin Italiya kuwa, inda aka dakatar da shafa wa irin masara tun 2008, manoma sun kafa asusun taimakon juna: kowa ya zuba wajen yuro 3 zuwa 4 a hekta, wanda tsutsa ta cinye wa shuka a biya shi, maimakon kowa ya kashe wajen yuro 40 a hekta a kan magani. Tunda tsoron asara ne ke sa manomi sayen maganin, asusun ya ɗauke masa tsoron kai tsaye.

Feshin gona da abin da Turai ta koya

Tarayyar Turai ta taƙaita manyan ukun, imidakulofirid, kulotiyanidin da tiyametokzam, a kan shukokin da zuma ke so daga Disamba 2013, sannan a 2018 ta hana su a duk wani fili na waje, sai a rufaffen ɗakin noma na dindindin. Tiyakulofirid ya rasa rajista a 2020, saboda damuwa kan lafiyar ɗan Adam da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Asetamifirid yana nan da izini har 2033, ban da a Faransa wadda ta hana dangin duka tun Satumba 2018.

Ba zan ɓoye maka cewa hanin ya zo da ciwo ba. A Birtaniya wani ƙaramin buzuzu mai tsalle da ya riga ya saba da wani dangin maganin feshi da ake kira fairitiroyid ya addabi kanola, manoma da yawa suka rage nomanta. A Faransa a 2020 darɓa ta yaɗa cutar rawayar ganye a gonakin bit, shukar da ake tatsar sukari daga saiwarta, amfanin ya faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Gwamnati ta ba da izinin gaggawa na 2021 da 2022, har kotun Tarayyar Turai ta yanke a Janairu 2023 cewa ba a ba da izinin gaggawa ga irin da aka shafa wa maganin da aka riga aka hana. Rigimar ba ta mutu ba: a 2025 majalisar Faransa ta yi dokar dawo da asetamifirid, mutane sama da miliyan 2 suka sa hannu a takardar ƙin amincewa, majalisar tsarin mulki ta soke wannan sashe a watan Agusta. Birtaniya ta ɗan bi wata hanya mai ma'ana kafin ta rufe ƙofar a Janairu 2025: izinin bit ba ya aiki sai hasashen cutar ya haye wani mizani, kuma a 2021 sanyi ya kashe darɓar, mizanin bai cika ba, ba a yi amfani da maganin ba.

Darasin da ya fi muhimmanci shi ne na gudun gara a faɗa wa zago. In ka hana suna ɗaya ka bar al'adar zuba magani kafin a ga ƙwaro, wani sunan zai maye gurbi. A Turai wasu manoma sun koma feshin fairitiroyid sau da yawa, wanda ke kashe ƙwari masu amfani. A Kubek kamfanonin iri sun koma shafa wani dangin magani da ake kira dayamaid, shi ma mai daɗewa a ruwa, har sai da lardin ya faɗaɗa sharaɗin sa hannun malamin gona zuwa duk irin da aka shafa wa maganin ƙwari a 2025. Da tun farko haka aka rubuta dokar, da an huta.

Feshi a kan ganye kuwa, ni ban goyi bayan a hana shi ɗungurungum ba. Akwai lokacin da farin ƙuda ko darɓa ke yaɗa cutar da ba ta da magani, manomi ba shi da wani makami mai kyau a hannu. Amma a ɗaure shi da sharuɗɗa: ba a feshi a kan shukar da ke fure ko ta kusa fure, ba a zuba shi a ƙasa kusa da rafi, a fifita masu sauƙi a kan zuma, a ƙayyade sau nawa za a yi a kaka ɗaya. Wannan na ƙarshe don amfanin manomin ne kansa, domin ƙwaro yana sabawa. Ƙwaron shinkafar Asiya mai tsotsar kara ya daina jin imidakulofirid tun wajen 2005, farin ƙuda ma haka a kudancin Sifen. An taɓa kirana in ga amyoyin wani bawan Allah, na tarar da zuma tsibi a bakin ƙofa, wasu suna karkarwa a ƙasa sun kasa tashi. Maƙwabcinsa ya yi feshi da tsakar rana gonarsa cike da fure. Gargaɗin yana rubuce a jikin gwangwanin, da ƙananan haruffa, cikin harshen da mai feshin ba ya karantawa. Tun ranar na daina yarda cewa rubutu a jikin gwangwani ya isa a kira shi doka. Sai an haɗa da horo, da mai zagayawa ya duba, da wajabta wa mai sayarwa ya rubuta nawa ya sayar, wa ya saya.

Abubuwa biyu kuma da ba a cika ambata ba. Hana amfani a cikin gida bai hana a ƙera maganin a fitar da shi zuwa wasu ƙasashe ba, shi ya sa Faransa ta yi dokar hana fitar da irin waɗannan magunguna daga 2022. A ɗaya gefen, Tarayyar Turai ta rage adadin burbushin kulotiyanidin da tiyametokzam da za ta lamunta a kayan abincin da ake shigo mata da su daga Maris 2026, don haka duk mai noma don kasuwar Turai dokar ta shafe shi ko ina gonarsa take. Kada kuma a rubuta hani da zai haɗa da feshin bangon ɗaki don sauro: Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da kulotiyanidin a wannan aiki tun 2017, inda sauro ya daina jin tsofaffin magunguna, kuma bangon ɗaki ba ya fure.

Iyakata a wannan amsa ita ce gona. Maganar illar maganin ga jikin mutum fagen likitoci ne, na bar musu. Yawancin alƙaluman da na kawo maka kuma daga ƙasashe masu sanyi suka fito, inda hunturu ke rage ƙwari. A ƙasa mai zafi ƙwarin ƙasa kan fi yawa, ruwan sama mai ƙarfi kuma ya fi saurin wanke maganin zuwa rafi, don haka lissafin riba da ɓarna yana iya canzawa ta kowane gefe, gwajin gonarka ne zai raba gardama.

A bana ka bar waɗannan kunyoyin ka auna da kanka. In ka shuka iri mai magani, ka rufe shi da kyau, ka tsince wanda ya zube a bakin gona, domin 'yan ƙwayoyi kaɗan na iya kashe ƙaramin tsuntsu. Kada ka kakkaɓe ƙurar buhun a iska, kada ka wanke kwanon shuka a rafi, ragowar irin kuma kada ya shiga bakin mutum ko na dabba ko da an wanke shi. Ka yanke ciyayin da ke fure a bakin gonar kafin ranar shuka. Ka ajiye wa zumarka ruwa mai tsabta kusa da amya don kada ta sha wanda ya kwanta a kunya, ka kuma roƙi maƙwabtanka su riƙa sanar da kai kwana biyu kafin su yi feshi, su yi shi da yamma bayan zuma ta koma gida.